Jarin Gwamnati, Jarin Baƙo da Jarin Gida: Zaman da Suka Yi a Ƙasar Zariya da Darasin da ke Ciki ga Mutanen Palladan



Gabatarwa

Duk wanda ya yi shekara ashirin ko talatin yana zaune a wani birni, idan ya sauka a Kwangila ya miƙe hanyar Samaru, zai ga abubuwa biyu da kamar ba su dace da juna ba. Zai ga shaguna sun cika bakin titi, makarantu da asibitocin kuɗi sun yawaita, gidajen haya sun mamaye wuraren da ya sani gonaki ne. Amma idan ya tambayi ina ƙanensa ke aiki, da wuya a ambata masa sunan wata masana'anta. Ciniki ya ƙaru, sana'ar ƙera kaya kuwa ta ja baya. Wannan jawabi ƙoƙari ne na gano yadda aka yi haka ta faru.

Abin da muke so mu nuna shi ne, a ƙasar Zariya babu wani nau'in mallakar kasuwanci da ya taɓa tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Kamfanin gwamnati da na baƙo da na ɗan kasuwar gida da ƙaramar sana'ar iyali, kowanne ya jingina da ɗan uwansa. Lokacin da aka saki ragamar tattalin arziki ga kasuwa daga 1986, an yi ta muhawara a kan wanda ya kamata ya mallaki kamfani, aka manta da tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa zai ci gaba da ayyukan da ke haɗa waɗannan masu mallaka wuri guda. Wannan mantuwa ita ce muke biyan kuɗinta har yau.

Masu mallaka iri biyar

Kafin mu shiga tarihi, ya kyautu mu bambance waɗanda muke magana a kansu. Na farko ita ce gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, mai jirgin ƙasa da wutar lantarki da makarantu da hukumomin ciniki. Na biyu shi ne baƙon kamfani mai jari daga ƙetare. Na uku shi ne attajirin gida mai kamfani ko babban kanti. Na huɗu ita ce sana'ar iyali, wato manomi da tela da makaniki da mai shago da uwargida mai ƙuli-ƙuli a cikin gida. Na biyar ita ce mallakar taron jama'a, kamar ƙungiyar gama-kai da adashi da bankin al'umma. Muna roƙon a riƙe wannan na biyar a zuciya, domin a kansa za mu kammala.

Yadda auduga ta ɗinke su

Waiwaye adon tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a wajajen 1911, kuma da isowarsa aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis suka kafa kantuna kusa da tasha. Har gobe idan muka ce za mu PZ, sunan wancan kamfani muke ambata, ko da yawancin yaranmu ba su san haka ba. Ƙungiyar Turawan Ingila masu neman auduga, wato BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta kafa injin gurzar auduga a Zariya jim kaɗan bayan isowar jirgi. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda daga baya ta zama Cibiyar IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962.

Mu dubi yadda buhun auduga ɗaya ke tafiya a shekarun 1960. Masana a Samaru, ma'aikatan gwamnati ke nan, su ne ke fitar da iri. Ana raba angurya ga manoma ta hannun dagatai da masu unguwanni. Manomi da iyalinsa su shuka, su yi noma, su tsince. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashi ta kuma sanar da shi. A fuloti malamin auduga ya duba ya ware ta ɗaya da ta biyu. Wakilin saye mai lasisi, wanda galibi attajirin gida ne ko kamfanin Turawa ko Kwara, ya biya kuɗi ya karɓi ladansa daga hukuma. Injin BCGA ya gurza, ya ware anguryar da za a shuka baɗi. Jirgin gwamnati ya kwashe zuwa Legas ko zuwa masaƙun Kaduna. Bayan kaka kuma doka ta tilasta a tuge karan auduga a ƙone, domin kada ƙwari su kwana a gona.

Su kansu masaƙun haɗin gwiwa ne. Masaƙar KTL da ta fara aiki a Kaduna a 1957 ta haɗa jarin gwamnatin Arewa da na kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar UNTL ta zo da jarin wasu 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong, Arewa Textiles kuwa da jarin Japanawa. A nan Zariya kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'antarsa a 1959, yana ba manoma iri da taki bashi, ya saye ganyen idan ya nuna. Daga baya aka sami masaƙar tamfol ta ZIL da kamfanin haɗa mitar lantarki.

Ba muna cewa wancan zamani babu zalunci a cikinsa ba. Hukumar ciniki takan biya manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Da wannan rara aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu, amma guminsa ne aka ɗiba ba da shawararsa ba, kuma wani ɓangare ya salwanta a hannun 'yan siyasa da 'yan baranda. Abin lura dai shi ne, kowane aiki a cikin wannan jerin yana da mai shi. An san wanda za a tuhuma idan iri ya lalace, an san wanda za a tuhuma idan aka zuba yashi a buhu.

Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Nijeriya zalla, ta kuma wajabta wa wasu kamfanonin baƙi su sayar da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsu ga 'yan ƙasa. A 1977 aka tsaurara dokar, aka kasa kamfanoni gida uku: masu zama na 'yan ƙasa baki ɗaya, da masu ba da kashi 60, da masu ba da kashi 40. A wannan shekara ce kuma aka rushe hukumomin ciniki na jihohi aka kafa na tarayya, hukumar auduga ta sami mazauni a Funtuwa.

Wa ya sayi waɗannan hannayen jari? Wanda yake da kuɗi a hannu ko yake da ƙafa a banki. A Arewa, inda masu irin wannan hali ba su da yawa, kamfanin NNDC da hukumomin zuba jari na jihohi ne suka sayi kaso mai tsoka a madadin jama'a. Sakamakon haka sai dokar da aka yi domin ƙarfafa ɗan kasuwar gida ta ƙara faɗaɗa hannun gwamnati. A kamfanoni da yawa kuma takardar mallaka ce kawai ta sauya hannu. Injuna da kayan gyara da ƙwarewar gudanarwa suna nan a hannun baƙo, ɗan ƙasa yana kujerar shugaban hukumar daraktoci yana jiran ribar ƙarshen shekara. Darasin farko ke nan: riƙe takardar hannun jari daban, iya tafiyar da masana'anta daban.

Shekarar 1986 da abin da ya biyo baya

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, masana'antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A watan Satumba na wannan shekara aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Naira da ke kusan kunnen doki da dalar Amurka ta faɗi, kafin shekara ta zagayo dala ɗaya ta kai wajen naira 4. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga.

A 1988 aka kafa kwamitin TCPC domin sayar da kamfanonin gwamnati, aka ɗora Dokta Hamza Zayyad a kansa, mutumin da Samaru ta sani domin ya riƙe baitulmalin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya shugabanci NNDC. An jera kamfanoni 111 da za a sayar, kuma zuwa 1993 an kammala 88 daga ciki. A 1995 aka soke dokar da ta taƙaita jarin baƙi, a shekarar da Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

Mu koma ga buhun audugarmu. Da farko manomi ya ji daɗi, domin masu saye sun yawaita, suna biyansa nan take, farashi kuma ya ɗaga. Masu injin gurza na kansu suka shigo, masaƙu suka fara tura wakilai ƙauye. Amma ayyukan da hukuma ke yi a ɓoye, waɗanda ba su kawo riba ga mutum ɗaya, sai aka rasa mai ɗaukarsu. Babu mai tabbatar da tsarkin iri, sai angurya ta cakuɗe. Babu malamin auduga a fuloti, sai wasu suka fara yayyafa ruwa da zuba yashi domin ƙara nauyi. Aka koma zuba auduga a buhunan leda, zaren leda ya shiga cikinta, ya ɓata ta wajen rini. Dokar ƙone kara ta zama tarihi. Kamfanin da ya ba manomi taki bashi sai ya wayi gari wani ɗan baranda ya riga shi saye audugar da ɗan ƙarin kuɗi. Bayan an yi masa haka sau biyu, sai ya daina ba da bashin. Kowa ya bi abin da ya ga riba ce gare shi a ranar, amma audugar Nijeriya ta rasa mutuncinta a kasuwa, kuma asarar ta hau kan kowa.

Masaƙu kuma wuta ta ci su ta fuska biyu. Ta ɓangaren gwamnati, lantarki ya yi ƙaranci, jirgin ƙasa ya kwanta, baƙin mai na tukunyar injin ya yi wuya saboda matatar Kaduna ba ta aiki yadda ya kamata. Kowace masana'anta ta koma samar wa kanta wuta da ruwa. Ta ɓangaren kasuwa kuwa, atamfa mai araha daga Asiya ta kwararo, wata ta tashar ruwa, wata ta fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Binin. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. A lura cewa mai jarin gwamnati da mai jarin baƙo duk sun faɗi. Sauya mai mallaka bai ceci kowa ba, tunda abin da suka dogara a kai gaba ɗayansu ya rushe. Masu shigo da atamfar kuwa 'yan uwanmu ne, attajiran gida, waɗanda suka ga cewa ciniki ya fi ƙira saurin kawo riba. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, domin idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Waya da wuta da banki

Zagaye na biyu ya fara a 1999 da kafa hukumar BPE, wadda Malam Nasiru el-Rufa'i ya shugabanta zuwa 2003. A nan muna da misalai biyu da ya kamata a ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Na farko shi ne wayar tarho. Kafin 2001 layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma dattawanmu suna tuna layin da ake yi a ofishin NITEL. A watan Janairu na 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi a fili, kowanne a kan dala miliyan 285. Kamfanoni masu jarin waje da na gida suka shigo suna gasa, gwamnati ta tsaya a matsayin alƙali. Mai babban jari ya kafa turakun sadarwa, amma bai iya kai kati lungu-lungu ba sai ta hannun dillalan gida da yara masu lema a bakin titi. Daga nan aka sami masu gyaran waya da masu sayar da kayanta a PZ, yau kuma ga masu POS a kowace kwana ta Palladan. Babba ya buƙaci ƙarami, ƙarami ya ci abinci a inuwar babba.

Na biyu ita ce wutar lantarki. An miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, na shiyyar Kaduna da muke ciki kuwa sai a ƙarshen 2014. Gwamnati ta riƙe manyan layukan dakon wuta da kashi 40 cikin 100 na kamfanonin rarrabawa. Amma a nan babu gasa, domin mai walda a Layin Zomo ba shi da ikon zaɓen wani kamfani idan wannan ya gaza. Masu saye da yawa da bashin banki suka saya, ba su da rarar jarin sabunta kayan aiki. A watan Janairu na 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar daraktocin kamfanin na Kaduna saboda tarin bashi. Bambancin waya da wuta ya nuna mana cewa kasuwa tana amfani ne inda akwai gasa da alƙali mai ƙarfi. Inda babu su, sunan mai karɓar kuɗi kawai ke sauyawa.

Ga kuma banki. A 2004 Babban Banki ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa, wanda aka kafa domin ɗan kasuwar wannan yanki, ya narke cikin bankin Unity. Bankuna sun ƙara ƙarfi, amma shawarar ba da bashi ta ƙara nisa da mai shago a kasuwar Sabon Gari. Da yawa daga cikinmu mazauna birni mun sayi hannun jarin bankuna a waɗannan shekaru, mun kuma ga yadda darajarsu ta zube a 2008.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Rasha ta zaɓi gaggawa. Daga 1992 aka raba wa kowane ɗan ƙasa takardar sayen hannun jari, talakawa da yawa suka sayar da tasu da araha saboda matsi, manyan masana'antu suka tattaru a hannun mutane ƙalilan.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam daga 1978 a ƙarƙashin Deng Xiaoping. Ba ta fara da sayar da kamfanonin gwamnati ba. Ta bar manomi ya sayar da abin da ya rage bayan ya cika kason hukuma, ta bar farashin hukuma da na kasuwa suna tafiya tare na wasu shekaru. Mafi muhimmanci gare mu, ta bar garuruwa da ƙauyuka su kafa masana'antunsu na taron jama'a. Waɗannan ƙananan masana'antu suna karɓar aikin kwangila daga manyan kamfanonin gwamnati, suna ɗaukar injiniyoyinsu aiki a ranakun hutu, suna kuma gasa da su har suka tilasta musu gyara. Ma'aikatansu sun tashi daga kimanin miliyan 28 a 1978 zuwa kimanin miliyan 135 a 1996. Sai bayan sun yi ƙarfi aka mayar da yawancinsu hannun 'yan kasuwa. Tsarin mulkinsu ba irin namu ba ne, kuma ba kwaikwayonsa muke kira a yi ba. Abin ɗauka shi ne, tsakanin gwamnati da mutum ɗaya akwai wani mataki, wato gari da jama'arsa, kuma wannan mataki ne ya riƙe su a lokacin sauyi.

Palladan a yau

Mu dawo gida mu tambayi kanmu: daga ina kuɗin da ke yawo a Palladan yake fitowa? A gefenmu akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964. A hanyar Basawa akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT da aka kafa a 1986, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT, da barikin soja. Gaba kaɗan ga jami'a da IAR da NAERLS da makarantar fasahar fata. Dukkansu na gwamnati ne. Mai gidan haya, da mai kanti, da mai makarantar kuɗi, da ɗan acaba, da mai keke napep, da mai sayar da abinci, duk albashin waɗannan ma'aikatu da kuɗin ɗalibansu suke jira. Mun ga hujja a 2020 da 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas ko fiye: ɗakunan haya suka zama kango, ciniki ya tsaya daga Samaru har Kwangila. Ashe sana'ar da muke kira mai zaman kanta, a kafaɗar gwamnati take zaune.

Akwai kuma inda zaman ya yi kyau. Kwalejin jirgin sama ta gwamnati ce, kuma ko da kamfanin jiragen sama na ƙasa ya daina aiki a 2003, ta ci gaba da horar da matuƙa da injiniyoyi ga kamfanonin 'yan kasuwa. Ire-iren shuka masu ɗauke da sunan Samaru, irin su SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake da SAMCOT na auduga, a IAR ake fitar da su. Kamfanonin iri masu zaman kansu, kamar Premier Seed da ke Cikaji, suna aiki da irin da cibiyoyin bincike suka fitar, su ba manoma kwangilar ninka shi, su sayar ta hannun ƙananan dillalai. A 2018 aka amince da sabon irin auduga mai jure tsutsa, wanda IAR ta gwada tare da kamfanin Mahyco na Indiya. Wannan shi ne tsohon zaman nan na gwamnati da baƙo da ɗan gida da manomi, ya dawo cikin sabuwar riga. Sai dai a cikinsa namu kason ƙarami ne. Mu ne masu haya da dako da sayar da ɗai-ɗai.

Dalilin ƙanƙantar kasonmu a bayyane yake. Jarinmu a warwatse yake, kowa da ɗan shagonsa. Sana'ar iyali takan mutu tare da mai ita, domin da an raba gado sai shago ya zama kuɗi, kuɗi kuma ya narke. Gidan Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, ya ɗore ne saboda an mayar da kasuwancin kamfani mai rajista da ya wuce rayuwar mutum ɗaya. Filaye da gidajenmu da yawa ba su da takardar mallaka ta gwamnati, saboda haka banki ba ya karɓarsu jingina. Mallakar taron jama'a kuwa, wato ta biyar ɗin nan, ita ce mafi rauni. Bankunan al'umma da aka fara kafawa a 1990 da yawa sun durƙushe saboda shugabanni sun ba kansu da danginsu bashin da ba a biya ba. Ƙungiyoyin gama-kai da yawa ba a tuna su sai an ji gwamnati za ta raba taki. Amma ƙungiyoyin tsimi da tanadi na ma'aikata, inda ake cire kuɗi daga albashi ana kuma binciken littafi duk shekara, suna nan suna saya wa mutane filaye da kayan abinci. Wannan ya nuna cewa matsalar ta tsari ce, ba ta halinmu ba.

Abin da ya rage gare mu

Tun daga cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan Yuni na wannan shekara, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, mun sake shiga wani sabon zagaye na sauyi. Kada ya same mu yadda na 1986 ya sami iyayenmu. Muna gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu.

Na ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙungiyar gama-kai mai rajista, dabam da asusun zumunci da na gudummawar biki da rasuwa. Kowane ɗan ƙungiya ya sayi hannun jari gwargwadon ƙarfinsa, a sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai mallaka, a ɗauki manaja mai albashi wanda za a iya sallama, a kawo mai binciken kuɗi daga waje, a buga rahotonsa a wannan mujalla duk shekara. Shugaban da ke kan kujera kada ya ci bashi daga asusun.

Na biyu, kada mu zuba wannan jari a abin da 'yan uwanmu na gida suke yi, mu zama kishiyoyinsu. Mu nemi gurbin da aka bari tun 1986, wato aikin da ke haɗa ƙarami da babba: rumbun ajiyar hatsi mai ma'auni na gaskiya, tantance amfanin gona kafin a kai wa kamfani, ninka iri bisa yarjejeniya da cibiyoyin Samaru, ko wutar hasken rana ga rukunin masu walda da teloli da masu niƙa. Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe ƙofar irin wannan fiye da da.

Na uku, lauyoyi da akantocin da ke cikinmu su ware kwana biyu a shekara su zo gida su taimaka wa masu sana'a da rajistar kasuwanci da neman takardun fili da tsara littafin shiga da fita. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani. Su kuma zauna da malamanmu a fahimtar da iyalai yadda magada za su karɓi rabonsu a matsayin kaso cikin sana'a, ba tare da an wargaza ta ba.

Na huɗu, mu riƙa ɗaukar ma'aikatun gwamnati da ke kewaye da mu a matsayin abokan hulɗa. Mu san abin da suke saye, mu san abin da suka ƙirƙiro yake kwance a ɗakin bincike ba mai ɗauka, mu tura yaranmu su koya. Abin kunya ne a ce mutum ya taso daga Legas ya ɗauki fasaha a Basawa ko Samaru, mu da muke maƙwabtaka da wurin ba mu taɓa shiga mun tambaya ba.

Kammalawa

Jama'a, gwamnati ba za ta dawo ta buɗe masaƙa ta ɗauki yaranmu aiki kamar da ba, kuma baƙo ba zai kawo jarinsa don yana ƙaunarmu ba, sai don ya ga wanda zai yi hulɗa da shi cikin aminci. Mai ƙaramin shago shi kaɗai ba zai iya zama wannan abokin hulɗa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da Allah ya ba ilimi da albashi da sanin birni, mun saba aiko da kuɗin gini da na biki da na asibiti, kuma wannan alheri ne. Abin da muke roƙo a bana shi ne mu ƙara da jari mai tsari, wanda zai rayu bayan mu. Muna fatan kafin a tashi daga wannan taro za a naɗa kwamitin da zai kawo daftarin ƙa'idojin ƙungiyar gama-kai cikin wata uku, domin idan muka haɗu baɗi mu tattauna a kan abin da aka yi.